Mai ɗakina ta iso Amurka, an ce zubin da na yi a Roth IRA ya wuce ƙa'ida

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohio, ina aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, shekaruna 41. Tun 2022 nake zubi a asusun ritaya na Roth IRA, kuma duk watan Janairu nakan zuba na shekarar gaba ɗaya in huta. A Janairun 2025 na zuba dala 7,000, a Janairun 2026 kuma 7,500. Mai ɗakina tana Kano duk shekarun nan, shi ya sa nake cike takardar haraji a matsayin mai aure da ke cike tasa shi kaɗai. Cikin ikon Allah bizarta ta fito, ta iso a watan Agustan 2025 da katin zama na dindindin. Da na zauna cike harajin 2025, manhajar cike haraji ta tambaye ni ko na zauna da matata a wani lokaci cikin shekarar, na ce e. Nan take ta ce dala 7,000 ɗin nan duk ta wuce ƙa'ida, akwai tarar dala 420. Albashina dala 124,000 ne, kuma na san iyakar ta fi haka. Wani abokina a masallaci ya ce in koma in mayar da amsar a'a, ba wanda zai sani. Wani kuma ya ce in cire kuɗin kawai. Ban so mu cike a haɗe, domin tana da gidan gado a Kano da ake biyan ta haya, ta kuma yi koyarwa har watan Yuli, ina tsoron hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta sa mata ido. Kuma gaskiya ban taɓa gaya mata albashina ba, saboda ina ɗauke da Hajiyarmu da ƙannena, ba na son abin ya zama magana. Ban tura takardar ba tukuna. Mene ne mafita?

Ɗan'uwanku daga Ohio

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da arziki, Allah ya sa ta shigo a sa'a, ya ba ku zaman lafiya. Abu biyu nake roƙonka tun yanzu: kada ka tura takardar nan, kuma kada ka taɓa ko sisi a cikin asusun, sai ka kai ƙarshen amsar nan. Matsalarka tana da gyara, kuma ina kyautata zaton gyaran zai dawo maka da kuɗin da ya ninka tarar da ta tayar maka da hankali sau da yawa.

Manhajar ba ta yi kuskure ba. Asusun Roth IRA, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1997 aka sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware, ana zuba masa kuɗin da aka riga aka biya wa haraji ne. Kuɗin ya yi ta haihuwa a ciki, in mutum ya kai shekara 59 da rabi, asusun kuma ya cika shekara 5, sai ya ɗiba da ribar ba a karɓi komai ba. Garaɓasa irin wannan gwamnati ba ta bar ta a buɗe ba, ta yi mata iyaka ta fuska biyu. Akwai iyakar zubi: dala 7,000 a 2024 da 2025, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50, sannan 7,500 a 2026, ko 8,600 ga ɗan 50 zuwa sama. Wannan adadin ya haɗa duk asusun IRA da mutum yake da su, na Roth da na gargajiya, a dunƙule. Sai kuma iyakar kuɗin shiga, wadda ita ce ta kama ka. A 2025, marar aure yana zubi cikakke in kuɗin shigarsa bai kai dala 150,000 ba, daga nan abin da aka yarje masa ya riƙa raguwa har ya ƙare ƙaf a 165,000. Ma'auratan da suka cike a haɗe, nasu yana fara raguwa a 236,000 ya ƙare a 246,000. Waɗannan su ne alƙaluman da ka sani, kuma daidai ka san su.

Akwai layi na uku a jadawalin da mutane ba su cika kai ido kansa ba. Mai aure da ya cike tasa daban, kuma ya zauna da matarsa a kowane lokaci cikin shekarar, iyakarsa tana farawa daga sifili ta ƙare a dala 10,000. Wato da zarar kuɗin shigarsa ya kai dubu goma, ba shi da damar zuba ko dala ɗaya. Wannan adadin ba ya motsawa, ba a ƙara shi duk shekara kamar sauran. Abin da ya rufa maka asiri a shekarun baya shi ne togaciyar da doka ta yi: ma'auratan da suka cike daban-daban kuma ba su zauna tare ba tsawon shekarar, ana auna su da ma'aunin marasa aure. Ranar da mai ɗakinka ta sauke akwatinta a gidanka a watan Agusta, wannan togaciyar ta daina aiki a kanka, kuma ta daina ne ga shekarar gaba ɗaya, har da zubin da ka yi tun Janairu tana Kano. Tarar kaso 6 cikin 100 ce ta abin da ya wuce ƙa'ida, shi ne dala 420 ɗin da ka gani, kuma ana sake biyan ta duk shekarar da kuɗin ya kwana a asusun ranar 31 ga Disamba ba a gyara ba, kamar kuɗin haya.

Shawarar abokinka na farko, ka yi watsi da ita. Takardar haraji kana sa mata hannu ne bisa rantsuwar cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Kamfanin da ke riƙe da asusunka yana aika wa IRS fom 5498 duk shekara, mai nuna nawa ka zuba kuma a wane irin asusu. Ranar da matarka ta shigo ƙasar tana rubuce a wurin hukumar shige da fice, adireshin da aka aika katinta kuwa naka ne. Ka duba abin da ke gabanku: wata rana za ta nemi zama 'yar ƙasa, kuma takardun haraji suna cikin abin da akan gabatar don nuna cewa aure na gaskiya ne, ana zaune tare. Yaya za a yi takardarka ta 2025 ta ce ba ku taɓa zama gida ɗaya ba? Ban da haka ma, ƙarya ce, kuma mutum mai mutunci irinka bai kamata ya yi ta a kan dala 420 ba, ko a kan abin da ya fi haka.

Abokinka na biyu ya kusa da gaskiya, sai dai hanyar da ya nuna za ta sa ka yi asara biyu. In ka shiga shafin kamfanin ka cire dala 7,000 yadda ake cire kuɗi kullum, za a rubuta ta a matsayin cirewa ta yau da kullum. Wannan ba ta goge tarar 2025, ga shi kuma ka rasa gurbin zubin shekarar, wanda ba ya dawowa. Cirewar gyara tana da nata fom, zan zo kanta.

Shawarata a gare ka ita ce ku cike a haɗe. Da zarar kun yi haka, iyakarku ta koma dala 236,000, ku kuwa ko kusa ba ku kai can ba. Zubin Janairun 2025 ya zama halattacce a inda yake, ba cirewa, ba tara, ba buga waya ga kowa. Akwai ɗan mataki guda saboda mai ɗakinka ta fara shekarar a matsayin baƙuwa a idon IRS ta ƙare ta a matsayin mazauniya. Mai irin wannan hali ba ya cikewa a haɗe kai tsaye, sai ku biyun kun zaɓi a ɗauke ta a matsayin mazauniya tun daga 1 ga Janairu. Ana yin zaɓin ne da 'yar takarda da ku duka za ku sa wa hannu, ɗauke da sunayenku da adireshi da lambobin Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum), a maƙala ta a jikin fom 1040, wato ainihin takardar harajin shekara. Bayaninsa yana cikin littafin IRS mai lamba 519. In katin Social Security ɗinta bai zo ba har yanzu, ku je ofishinsu cikin makon nan, domin sai da lambar za a yi komai.

Farashin wannan zaɓin shi ne abin da kake tsoro: kuɗin shigarta na duk duniya na shekarar zai shiga takardar, har da albashin koyarwa daga Janairu zuwa Yuli da kuɗin hayar gidan. Amma ka zauna ka juya albashin malamar makaranta na wata bakwai daga naira zuwa dala ka ga abin da zai zama kusa da dala 124,000. In an cire mata haraji a Najeriya, akwai fom 1116 da ake neman rangwamen harajin da aka biya a wata ƙasa. Gidan kansa ba a ɗora masa harajin kuɗin shiga don ta mallake shi, hayar ce ake lissafawa, bayan an cire abin da aka kashe a kan gyara da makamantansu. Wani abin da nake so ka gane shi ne, cikewa daban ba ya ɓoye ta. Tun ranar da ta shigo da katin zama, duk abin da ta samu a ko'ina cikin duniya ya shiga hurumin harajin Amurka, kuma mai aure da ke cike tasa daban wajibi ne ya cike takarda da zarar kuɗin shigarsa ya kai dala 5. Hayar da aka biya ta daga Agusta zuwa Disamba ta wuce haka. Ke nan in ka cike kai kaɗai, ita ma sai ta cike tata, irin mai wuyar nan ta wanda ya yi rabin shekara baƙo rabi mazauni. Haka kuma in jimillar kuɗin da ke asusunta na bankunan Najeriya ya taɓa haura kwatankwacin dala 10,000, akwai rahoton asusun bankin ƙasar waje, FBAR, da ake bayarwa, ko kun haɗa ko kun raba. Rahoto ne kawai, ba a biyan komai a kansa, amma rashin bayar da shi yana da tara mai nauyi.

Ka dubi ribar kuma. A 2025, rangwamen da ake cire wa kowa kafin a lissafa haraji dala 15,750 ne ga mai cikewa daban, 31,500 ga masu cikewa a haɗe, matakan harajin su ma sun fi faɗi. In dala 124,000 ɗin nan ita ce ke akwati na 1 a takardar W-2 ɗinka (ta albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa), kuma ba ka da wani kuɗin shiga, harajin tarayya a kanka kai kaɗai zai kai wajen dala 18,800. A haɗe kuwa wajen 10,600 ne kafin a sa nata. Bambancin ya haura dala 8,000, kuma ba na jin albashinta da hayar za su ci ko rabinsa. Ƙari a kan haka, cikewa a haɗe yana ba ka damar buɗe mata nata Roth IRA da sunanta, ka zuba mata har dala 7,000 na shekarar 2025 daga albashinka ko da ba ta fara aiki ba, matuƙar an zuba kafin 15 ga Afrilu 2026 ta wuce. Wa'adin zubi ba ya karɓar ƙari.

Yanzu sai maganar da na ga ita ce ainihin abin da ya hana ka barci, wato ta ga albashinka. Ba zan raina wannan damuwa ba. Duk wanda ke ɗauke da gida daga ƙasar waje ya san yadda adadi ɗaya, in ya fita daga baki ya isa Kano aka juya shi zuwa naira, yake zama wani abu dabam a kunnen dangi, a fara lissafa maka abin da ya kamata a ce ka yi. Amma ɗan'uwa, matar nan ta bar aikinta, ta bar iyayenta, ta zo garin da sanyi kaɗai ya isa ya sa mutum kuka, ba ta da kowa sai kai. Takardar haɗin gwiwa kuwa tana ɗora wa kowannenku alhakin harajin gaba ɗaya: in aka sami kuskure ko bashi, IRS tana da ikon bin ta ita kaɗai a kan duka. Saboda haka kada ka yi abin da wasu mazan ke yi, su buɗe shafin ƙarshe su ce sa hannu a nan. Haƙƙinta ne ta karanta abin da za ta rantse a kansa, kuma haƙƙinta ne ta ce ba ta yarda ba. Dukiyarta tata ce, gidan gadonta nata ne, ba za ka sa su a takarda ba da saninta ba.

Ga yadda nake ganin ya fi. Ka fitar da takardar albashinka ta mako biyu, ku zauna bayan isha'i, ka bi ta layi-layi da yatsa: ga jimilla a sama, ga abin da tarayya ta ɗauka, ga na jihar Ohio, ga na birni, ga Social Security da Medicare, ga inshorar lafiya wadda ta ƙaru tun da aka sa sunanta, ga abin da ke tafiya 401(k), asusun ritaya na wurin aiki, ga abin da ya rage ya shiga banki. Sannan ka ɗora kuɗin haya da na mota da na wuta a kai. Wanda ya ga adadin sama kaɗai shi ke ruɗewa. Wanda ya bi shi har ƙasa yakan tausaya maka ne. Kuɗin da kake tura wa Hajiya ba ya fitowa a fom 1040, amma ni da zan ba ka shawara, ka faɗa mata shi ma da bakinka. 'Yar Kano ce, ta san abin da ake nufi da babban wa, kuma ɗawainiyar uwa ba abin kunya ba ce da za a yi ta a ɓoye. Ka roƙe ta adadin ya tsaya tsakaninku, kada ya je gidanku, kada ya je gidansu. Ta fi saurin riƙe sirrin da ka ba ta amana a kan wanda ta tsinta da kanta a cikin wasiƙar banki, kuma a ƙasar nan wasiƙu ba sa daina zuwa.

In kun zauna kun duba, wani dalili ya sa haɗawar ba za ta yiwu ba, ko ita ta ce ba ta so, to ga sauran hanyoyin.

Ta farko ita ce cirewar gyara. Ka kira kamfanin, ko Fidelity ne ko Vanguard ko Schwab duk suna da fom ɗinta, ka ce musu kana son return of excess contribution na shekarar 2025. Za su dawo maka da dala 7,000 tare da ribar da ta haifa, kuma su ne za su lissafa, bisa yadda asusun gaba ɗaya ya motsa tun ranar zubin. Misali, a ce akwai dala 20,000 a ciki, ka zuba 7,000 ya zama 27,000, yau kuma ya kai 30,240. Ya ƙaru da kaso 12 cikin 100 ke nan, sai a fitar da 7,840. Dala 840 ɗin nan za ka sa ta a kuɗin shigarka na 2025, shekarar da ka yi zubin, duk da cewa fom 1099-R mai nuna ta sai farkon 2027 zai zo maka. Da can akwai ƙarin tarar kaso 10 a kan wannan ribar ga wanda bai kai 59 da rabi ba, amma dokar SECURE 2.0 ta ƙarshen 2022 ta ɗauke ta. In asusun faɗuwa ya yi, abin da za a dawo maka zai gaza 7,000, kuma hakan ya wadatar.

Ta biyu ta fi daɗi ga wanda ba ya son kuɗin ya fita daga ajiyar ritaya. Ana mayar da zubin, da ribarsa, daga Roth zuwa IRA na gargajiya, doka ta ɗauka tun farko can aka zuba. Sunan da za ka faɗa wa kamfanin shi ne recharacterization. IRA na gargajiya ba shi da iyakar kuɗin shiga wajen zubi, iyakarsa tana wajen samun rangwamen haraji ne, kuma kai da ke da 401(k) a wurin aiki kana cikewa daban ba za ka samu rangwamen ba. Sai ka cike fom 8606 don a rubuta cewa an riga an biya wa wannan kuɗin haraji. Kada ka yi wasa da fom ɗin nan, shi ne shaidarka nan da shekara ashirin. Daga nan kana iya juya kuɗin ya koma Roth, domin tun 2010 aka cire iyakar kuɗin shiga a kan juyawa. Wannan ita ce hanyar da ake kira ƙofar baya, kuma halal ce a doka. Tarkonta ɗaya ne: IRS tana kallon duk asusun IRA ɗinka da ba na Roth ba a matsayin guda, bisa abin da ke cikinsu ranar 31 ga Disambar shekarar juyawar. A ce kana da dala 63,000 da ka kwaso daga 401(k) na tsohon wurin aiki zuwa IRA, ka ƙara wannan 7,000 ya zama 70,000. In ka juya 7,000, kashi ɗaya cikin goma ne kawai zai tsira daga haraji, sauran sai ka biya. Maganinsa shi ne a mayar da tsohon kuɗin cikin 401(k) na inda kake aiki yanzu kafin shekara ta ƙare, in tsarinsu yana karɓa.

Ta uku ita ce a biya tarar shekara ɗaya a bar kuɗin ya zama zubin shekara mai zuwa. Wannan ba taka ba ce, domin ka riga ka cike gurbin 2026.

Wa'adin hanya ta farko da ta biyu shi ne ranar tura takarda, 15 ga Afrilu 2026. In ka nemi ƙarin lokaci da fom 4868, ko kuma ka tura takardarka a kan kari, kana da har zuwa 15 ga Oktoba. Wanda ya riga ya tura sannan ya yi gyaran, sai ya bi da takardar gyara 1040-X, ya rubuta a samanta "Filed pursuant to section 301.9100-2". Ka tuna ƙarin lokacin na tura takarda ne, kuɗin harajin kansa a Afrilu ake biya. In Oktoba ta wuce, tarar shekarar ta tabbata, ana biyan ta da fom 5329, sannan a cire ainihin kuɗin da ya wuce ƙa'ida kafin ƙarshen Disamba don kada ta sake hawa. A wannan matakin ba a cire ribar.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba: tsakanin 2022 da 2024, ka je gida hutu? In ka je ka sauka a ɗakinka kuka yi makonni tare, to ka kai wa ƙwararre wannan maganar, domin lafazin dokar shi ne a ce ma'aurata sun kasance a rabe a kowane lokaci cikin shekarar. Ka tambaye shi kuma game da wata dama da 'yan'uwanmu da yawa masu iyali a gida ba su san da ita ba. Mazaunin Amurka da matarsa ke ƙasar waje yana iya zaɓar a ɗauke ta a matsayin mazauniya su cike a haɗe, kuma ana iya yin wannan zaɓin ta takardar gyara cikin shekara 3 daga ranar da aka tura ta asali. In ya dace da halinku, zai rufe zancen hutun, wataƙila kuma ya dawo muku da kuɗin shekarun baya. Wa'adin gyaran takardar 2022 yana cika ne a Afrilun 2026, saboda haka tambayar ta gaggawa ce.

Ga masu karatu da matsalarsu ta samun kuɗi da yawa ce, misali ma'aikaciyar jinya da aikin ƙarin sa'o'i ya ɗaga ta, lissafin yana tafiya ne daidai da nisan da aka shiga cikin zangon raguwar. Marar aure mai dala 157,500 a 2025 yana tsakiyar zangon, don haka 3,500 aka yarje masa, in ya zuba 7,000 rabi ne ya wuce. Adadin da ake aunawa kuma shi ne MAGI, wato jimillar kuɗin shiga bayan wasu gyare-gyare, wanda ya haɗa albashi da ribar hannun jari da kuɗin haya da sauransu, akwai jadawalin lissafa shi a littafin IRS mai lamba 590-A. Wanda ya haura da kaɗan, in yana da inshorar da ta ba shi damar asusun ajiyar kuɗin magani na HSA, zubi a cikinsa kafin 15 ga Afrilu yana rage MAGI na shekarar da ta wuce. Wanda kuma ya tafi aiki Saudiyya ko Abuja ya keɓe albashinsa duka daga harajin Amurka da fom 2555, ya sani wannan albashin ba ya cikin abin da ake zubi da shi, duk abin da ya zuba ya wuce ƙa'ida.

Dala 7,500 da ka zuba a Janairun 2026 hukuncinta yana rataye ne da yadda za ku cike takardar 2026. In a haɗe ne, iyakar ta fara daga dala 242,000, ba abin da zai taɓa ka. In daban ne, ita ma sai an gyara ta, kuma gara a yi da wuri kafin ribar ta taru. Zubin Janairu ɗabi'a ce mai kyau, ka ci gaba da ita, sai dai duk shekarar da ka san wani abu babba zai canza, kamar mai ɗakinka ta fara aiki ko ka sayar da hannun jari masu yawa, ka dakata har ka ga W-2, tun da kana da har Afrilun shekara mai bi.

Takardar 2025 kada ka bar wa manhaja ita kaɗai. Ka nemi akanta mai lasisin CPA ko mai shaidar Enrolled Agent, ka tambaye shi tun a waya ko ya taɓa cike wa wanda matarsa ta shigo ƙasar a tsakiyar shekara. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya cike maka takarda dole ne ya sa hannunsa da lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike wa mutane haraji, a jiki, wanda ya ƙi kuwa ka tashi ka bar masa ofishinsa. Ku je ku biyu, da W-2 ɗinka, da bayanan asusun Roth tun 2022, da fasfo ɗinta mai hatimin ranar shigowa, da takardun albashinta da na hayar gidan, da bayanan bankunanta na Najeriya. Ka ce ya lissafa muku a haɗe da kuma a rabe, ya ajiye muku sakamakon biyu a kan tebur, ku zaɓa tare. Ka nemi ganinsa kafin ƙarshen Maris, domin makon farko na Afrilu ba ka samun kowa.